Mako guda da motocin da ke miƙewa tsaye

Lahadi

Ranar kasuwar Tahoua. Na bi ta layin 'yan gwanjo, wurin dattijon da ke zazzage buhun kayan wasan yaran Turai a kan tabarma. Cikin 'yan tsana da bindigogin roba na hango kan gingimari ja, gilashin gabansa rabe biyu, tayar baya ɗaya babu. Na juya cikinsa na ga sunan Hasbro a jikin robar. Optimus Prime ne, jagoran Autobots a labarin Transformers, motocin da ke komawa mutum-mutumi. Jabu sun cika gari, amma hannu na gane su: ba su da nauyi, gaɓoɓinsu kuma sakwaf. Wannan kuwa duk inda na lanƙwasa sai ya ce ƙas, ya tsaya cak.

"Baba, nawa?"

"Jika biyu, ɗana."

"A yi mini sauƙi, ba ta da taya."

"Albarka. Kawo jika da rabi, kar ka koma hannu wofi."

Litinin

Bayan isha'i na zauna da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar mai tara waɗannan kaya a Adar. Tana shiga gaɓa ta ci ta a hankali, rana kuma ta busar da roba har ta riƙa karyewa.

Ina wankewa ina tuna asalinsu. Kamfanin Takara na Japan ya fitar da jerin Diaclone a 1980, daga baya ya ƙara motoci masu komawa mutum-mutumi, har da ɗan direba da ake sakawa ciki. Hasbro na Amurka ya ɗauko su, ya haɗa da wasu na Microman, ya raɗa musu Transformers a 1984, ya yi musu labari da fim ɗin zane. A wannan shekarar fari ya ƙone ƙasarmu, a ita kuma aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da tallafin Italiya. Iyayenmu hatsi suke nema. Shi ya sa abin bai iso gare mu ba sai da ya tsufa a hannun wasu yara, ko kuma a jakar ɗan bida da ya dawo daga Abijan.

Talata

Aiki ya sha kaina. Na shafa wa wata gwiwar Optimus da ke cijewa ɗigon mai, na kwanta.

Laraba

Ɗan yayata ya zo daga lakwal, na sauko masa da duk abin da ke kan kanta. Cikin Transformers ɗin, Bumblebee biyu gare ni. Ɗaya na tsohon yayi ne, Volkswagen ɗin nan mai ƙusumbi, ruwan ɗorawa. Ɗayan Chevrolet Camaro ne, siffar da aka ba shi a fim ɗin Michael Bay na 2007. Yaron ya fi son Camaro. Ni ina tare da mai ƙusumbi, kuma na faɗa masa dalili.

Ƙira mai kyau ita ce wadda jikin motar shi ne jikin mutumin. Dubi Optimus: gilashin gaba ya zama ƙirji, ragar injin ta zama ciki, bayan motar ya miƙe ya zama ƙafafu. Babu abin da ya yi saura. Ƙira ta ha'inci kuwa, an naɗe mutum-mutumi ne an kifa masa ɓawon mota. Ka juya ta ka ga fuska da hannaye a ƙasa, in ya tsaya kuma ƙofofi da rufi suna reto a bayansa. Masu tarawa da yawa fuska da makami suke kallo. Ni motar nake fara dubawa. In ba ta gangara sumul a kan siminti ba, ban yarda da sauran ba.

Alhamis

Gaisuwar rasuwa ta kai ni Tabalak, na saka gingimarin a aljihun jaka. Hanyar nan da aka shimfiɗa don yuraniyom ɗin Arlit ita ce makarantar yaran wannan yanki a kan mota. Tun suna goye suke ganin manyan motoci na wucewa Abalak da Agadas, kaya har sama, mutane a kan kaya.

Bayan an yi addu'a na fito bakin tabki, na tarar da yara suna tura motocinsu. Na wani yaro mai kamar shekara goma sha biyu ya tsayar da ni. Kan motar gwangwanin madara ne da aka buɗe aka daddale, akwatin baya na karan dawa, tayoyi an yanko su daga tsohon silifa, bibbiyu a baya. Doguwar waya ta taso har ƙugunsa ta zama sitiyari, kuma in ya murɗa, tayoyin gaba na juyawa da gaske. Ya ɗaure mata buhuna na tsumma da jarkar ruwa ta murfin kwalba a gefe.

Na fito da nawa, na miƙar da shi tsaye a gabansu, na sake naɗe shi. Sun yi shewa. Mai motar gwangwani bai yi ba. Ya karɓa, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya tura ta cikin rairayi.

"Kawu, wagga ba ta kai Arlit. Cikinta na jan ƙasa, kuma ba ta da tayar canji."

Gaskiya ya faɗa. Sai ya zaro reza, ya gwada faɗin tayar da ta rage da farcensa, ya yanko silifa baƙi, ya huda shi da ƙusa mai zafi daga murhun mai shayi. Ta zauna daram. Kafin in tashi ya riga ya gane yadda ƙafafun ke naɗewa ba tare da na nuna masa ba, yana ta tambayata ko ƙarfe ne a cikin gaɓar. Na sayi motarsa yadda ya yi mata kuɗi, ban taya ba.

Juma'a

Baffa ya sauka wurina daga masallaci. Ya daɗe yana cewa ba ya son yin nafila a ɗakin da siffofi ke tsaye. Tun jiya da dare na naɗe su duka suka koma motoci, ya shiga ya yi sallarsa hankali kwance. Haka zan riƙa ajiye su daga yanzu, don a naɗe ƙura ma ba ta samun hanyar shiga gaɓa.

Asabar

Na gyara kanta. Gingimarin Hasbro mai tayar silifa a hagu, na Tabalak a dama, na liƙa wa kowanne takarda da sunan garin da na samo shi. Na Amurka da Japan akwai masu ajiyarsu ko'ina a duniya, da littattafai da lambobinsu. Na yaranmu kuwa damina ɗaya ke cinye su, ba wanda ya rubuta ko wa ya ƙera.

'Yan'uwa masu wannan sha'awa a Tahoua, Konni da Maradi: in kun ga karyayye a gwanjo ku ɗauka, ana gyarawa. In kuma kun ga yaro da motar da ya ƙera da hannunsa, ku saya da daraja, ku rubuta gari da shekara, ku ajiye ta a kanta ɗaya da sauran.