Wata biyu ina neman alkubus ɗin Sin

1/ Zare ne, ku gyara zama. Shagon abinci ɗaya tak aka rufe a layinmu nan Guangzhou, sai da na yi wata biyu ban yi karin kumallo da kwanciyar hankali ba.

2/ Sunan abincin baozi. Ku ɗauka alkubus ne aka cusa masa nama, aka murɗe bakinsa, aka turara a kwandon gora. Fari tas, ga laushi, kana gatsawa romo ya biyo maka hannu. Matsalar ita ce mafi yawansa naman alade ne. Garin nan ma gidan cha siu bao ne, wanda ake cikawa da gasasshen alade mai zaƙi-zaƙi. Mu dai sai kallo.

3/ Amma a layinmu akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Hui, Musulmi daga lardin Gansu, kullum da farar hularsa. Shi ke murza kwaɓin, matarsa na naɗewa. Naman sa da albasa, yuan 2 guda ɗaya. Ranar da na fara ce masa Baba sai da ya ajiye muciya don dariya, ashe a yarensu ma baba uba ne. Tun daga nan in na sayi huɗu, biyar nake tararwa a leda.

4/ Shekara uku ban taɓa tambayarsa me ke ciki ba. Wanda ke zaune Kano ko Zinder ba zai gane girman wannan ba wallahi. Ka miƙa hannu kawai ka ci.

5/ Bayan hutun sabuwar shekarar Sin na zo na tarar da ƙofa a garƙame. Mai gyaran waya na kusa ya ce kuɗin haya ne ya kore su, sun koma gida. Ko sallama ba mu yi ba, kuma ban da lambarsa. Shekara uku fa! Yanzu shayin madara ake sayarwa a wurin.

6/ Na shiga nema. Ga wanda zai zo: in ka ga an rubuta rou, wato nama, ba a faɗi na mene ne ba, to alade ne. Niu rou naman sa, yang rou na rago. Sai kuma alamar 清真, ana karanta ta qingzhen, halal ke nan, galibi a koren allo.

7/ Wata safiya yunwa ta ci ƙarfina, na sayi mai ganye zalla, na ce ai wannan ba laifi. Na ci rabi sai abokin karatuna ɗan Sin ya ce, a hankali fa, da yawa da kitsen alade suke haɗa ganyen don ya yi maiƙo. Jama'a, na san wanda bai sani ba ba shi da zunubi. Amma cikina bai san wannan fatawar ba. Na kurkure baki ya fi a ƙirga, ranar ruwa kaɗai na iya sha.

8/ Shagunan taliyar Lanzhou suna ko'ina, akasari na Musulmi, sai dai na kusa da mu taliya kawai suke yi. A Xiaobei na samu na 'yan Uyghur, kao baozi, gasasshe da naman rago. Da daɗi kam, amma wannan ɗan'uwan samosa ne. Na kanti mai ƙanƙara kuwa, kamar ka tauna soso.

9/ Wata Juma'a na je masallacin Huaisheng da ke titin Guangta, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a Sin. Bayan sallah na tari wani tsoho da guntun yarena. Bai ce komai ba, ya kama hannun rigata, muka ratsa lungu biyu, ya nuna wata taga da tururi ke fita, ya juya abinsa.

10/ Na tambayi matar: Ayi, wato Inna, niu rou ne? Ta kalle ni sama da ƙasa, ta nuna ɗankwalinta da yatsa. Kunya ta kama ni. Bakina ne ya riga ya saba da tambaya.

11/ Gaskiya? Kwaɓin ya yi, naman citta ta yi masa yawa, romo kaɗan. Bai kai na Baba ba. Amma a tsaye na cinye uku ban ɓare ko ɗaya na leƙa ciki ba. Jirgin ƙasa biyu nake hawa kafin in isa, don haka sai Juma'a Juma'a, in sayo ashirin in zuba a firij.

12/ 'Yan Guangzhou, in akwai wanda ya san inda ake yin mai romo sosai, ya ajiye min a ƙasa don Allah. Ba taliya nake tambaya ba.