Hayaƙin da Ido Ba Ya Gani

Hausa ba harshen da na sha a nono ba ne. Ni Batangale ne daga ƙasar Kaltungo, sai da iyayena suka dawo Gombe ina ɗan shekara tara sannan na fara tsintar Hausa a bakin yaran unguwar Bolari. Wataƙila shi ya sa nake da ɗabi'ar tsayawa a kan kalma in yi ta jujjuya ta. Kalmar da ta tsaya mini a rai a bana ita ce "hayaƙi", domin na lura cewa yadda muka fahimce ta yana jefa rayuka cikin hatsari a duk lokacin hunturu.

A wurin Bahaushe, da mu da muka ari harshensa, hayaƙi abu ne da ake gani yana tashi, yana sa tari da hawaye. Saboda haka idan sanyin Disamba da Janairu ya kankama, uwa takan hura gawayi a tsakar gida, ta jira har hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi jajir, sannan ta kai kaskon ɗaki ta rufe ƙofa. A ganinta hatsari ya wuce. Alhali kuwa garwashin nan yana ci gaba da fitar da wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne ko kananzir ko fetur ko gas, yana fitar da ita idan bai sami isasshiyar iska ba.

A ƙauye kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki, amma jinkar ciyawa tana numfashi, iska na shiga tana fita. Ɗakunanmu na yau kuwa na bulo ne da siminti, ga silin, ga tagar gilashi, kuma da sanyi ya zo sai mu cusa tsumma a duk wata kafa da ta rage.

Ban ɗauki lamarin da zafi ba sai da ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan kawuna a Tumfure. Matarsa ta haihu cikin hunturu, ga wankan jego safe da yamma, ga tsadar itace, ga wutar lantarki ba tabbas. Sai Kawu ya sayo hita mai aiki da gas. Wanda ya zo haɗawa ya kafa ta a jikin bango cikin banɗaki, bai sa mata bututun fitar da hayaƙi ba, ya ce taga ta isa. Tagar kuwa a rufe take saboda sanyi. Kullum Anti ta fito wanka sai ta yi kukan ciwon kai da jiri, mu kuma mu ce, "Sannu Anti, gajiyar jego ce." Wata safiya aka ji ƙarar ruwa ta yi yawa, aka buga ƙofa shiru, da aka ɓalle sai ga ta a ƙasa. A asibiti, bayan an sa mata iskar oksijin, tambayar da likita ya fara yi wa Kawu ita ce, "Da me kuke ɗumama ruwa?" Allah Ya yi da sauran kwana, ta tashi.

Abin da ke faruwa a jiki shi ne, akwai wani sinadari a cikin jini mai suna himogulobin, wanda aikinsa ɗaukar oksijin daga huhu zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Kabon monoksaid tana kama wannan sinadari fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 ko fiye, wato sai ta ƙwace mazaunin oksijin. Mutum yana numfashi amma jikinsa yana shaƙewa. Mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi su ne suka fi saurin faɗawa. Mu ɗaliban adabi muna da misali a gidanmu: shahararren marubucin Faransa, Emile Zola, ya mutu a birnin Paris a shekarar 1902 saboda bututun murhun ɗakin kwanansa ya toshe.

Kada mai karatu ya ce ai gas yana da wari. Warin nan da ake ji idan tukunyar gas tana yoyo, da gangan kamfanoni ke zuba shi domin gargaɗi. Iskar da ke fita bayan gas ya ƙone kuwa ba ta da wannan gargaɗin. Alamar da ido zai iya kamawa ita ce harshen wuta: idan shuɗi ne, ƙuna na tafiya daidai, idan ya koma rawaya, ko bango da gindin tukunya suka fara yin baƙi, to akwai matsala.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Wanda zai sa hitar gas, ya fi kyau ya kafa ta a waje ya jawo ruwan zafin ciki. Idan dole sai a ciki, to a sa mata bututun ƙarfe wanda zai riƙa hawa sama har ya fita ta bango ko rufi, a liƙe mahaɗansa sosai, kuma kada bakinsa ya ƙare a ƙarƙashin taga inda iska za ta maido da gubar. A bar wata kafa da sabuwar iska za ta shigo, domin wuta ma numfashi take yi. Kafin kowane hunturu a duba bututun, saboda ƙura da sheƙar tsuntsu da ginin zanzaro duk suna toshe shi. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai batir da ke yin ƙara idan gubar ta taru a ɗaki.

Janareta ma haka yake. Tsoron ɓarayi yana sa mutane su shigar da shi zaure ko baranda, alhali masana lafiya na ba da shawarar a ajiye shi a fili, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga. 'Yan'uwana ɗalibai da ke haya a Tudun Wada, kusa da Jami'ar Jihar Gombe, mu ma abin ya shafe mu. Ɗaki ɗaya ne kicin, shi ne ɗakin karatu, shi ne na kwana. Wasu ma sukan bar ƙaramin murhun gas a kunne don ɗaki ya yi ɗumi. A buɗe taga yayin girki, kuma kada a kwana da wuta kowace iri.

Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake ruɗewa. Amma idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu a lokaci guda, ko mutum ya ji sauƙi da zarar ya fita waje, a zargi iskar ɗakin. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, a kashe wutar, a garzaya asibiti ko da an farfaɗo. Kada a ɗura wa wanda ya suma manja ko madara, domin gubar a jini take, kuma abin da aka ɗura yana iya sarƙe shi.

Daga ƙarshe, ina da roƙo ga malamaina da abokan karatuna. Kakata ba za ta riƙe "kabon monoksaid" ba, kuma abin da ba shi da suna a bakin mutane da wuya su ji tsoronsa. Ni dai a gidanmu na fara kiransa "ɓoyayyen hayaƙi", na kuma ga ƙannena sun kama. Idan wani yana da sunan da ya fi wannan dacewa, ya kawo shi mu tattauna, mu miƙa wa masu shirye-shiryen rediyo kafin sanyi ya sake zagayowa.