Daga Ƙonni zuwa Luvur: Darajar Daftarin Zane

Hanyar Ƙonni zuwa Yamai ta Dogon Dutsi da Doso ba ta da labari ga wanda ya saba da ita, haka ma jirgin Pari. Masaukina can ƙuntataccen ɗaki ne, ga sanyi ga tsada, ba a shimfiɗa darduma sai an ture gado. Da a Illela ko Malbaza aka sauke baƙo haka, da unguwa duka ta ji kunya. Abin da ya biya wahalar na same shi a gidan tarihi na Luvur, a sashen zane-zanen takarda. Tushen taskar zane fiye da 5,000 ne da Sarki Luwi na 14 ya saya daga attajiri Jabach a 1671, aka ƙara da na mai zanen fada Charles Le Brun bayan mutuwarsa a 1690. Haske na cinye su, shi ya sa ba a baje su sai na ɗan lokaci.

Wanda ya tsai da ni daftari ne na ƙarni na 17, da jan alli: wani waliyyin Kiristoci a durƙushe, wasu mutane kewaye da shi. An zana hannunsa a ɗage, aka sake shi ƙasa kaɗan, tsohon layin yana nan ba a goge ba. An ja layuka bisa takardar kamar gidajen dara, don almajirai su kwafe shi gida-gida a kan babban yadi. A ganina daftarin ya fi hoton da aka gama daraja, domin a nan ake ganin gwani yana shawara da kansa. Babban hoton, galibi hannun almajirai na cikinsa, fenti kuma ya rufe duk wata tantama. Wani zai ce aikin da ba a gama ba ai gwaji ne kawai. To, a gwajin aka yanke inda ido zai fara sauka da inda haske zai faɗa. Sauran cikawa ce.

Ƙorafin da ya fi nauyi na addini ne: me ya kai Musulmi kallon surar bayin Allah? Ni ma ban yarda a zana Annabi Isa ko Nana Maryam ba, kuma ina alfahari da mun zuba gwanintarmu a rubutu da zayyanar allo. Su Kiristocin, cocinsu ne, a taron Tarento da aka rufe a 1563, ya tabbatar da hoto a matsayin hanyar koyar da jama'a. Sanin dalilinsu da auna ƙwarewar hannu ba bauta ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ma muna da masu daftari, ba mu kula su. Kafin allura ta taɓa babbar riga, akwai wanda ke zana aska takwas da tambari a kan yadin da alƙalami da tawada. Zare ya binne aikinsa, a kasuwa a yabi mai ɗinki, shi ko sunansa ba a tambaya. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya kamata ya nemi waɗannan tsofaffi, ya ba su takarda su zana, ya adana da sunayensu.

Sauran Pari ruwan sama ne da jirgin ƙarƙashin ƙasa.