Ƙaramin Zakaran Birmingham

A filin baje koli na garin Stafford da ke Ingila, inda masu tsofaffin babura kan haɗu sau biyu a shekara, na wuce manyan Norton da Triumph masu ƙyalli ko waiwaye ban yi ba. Abin da ya tsayar da ni wani ɗan siririn babur ne kore, da hoton zakara a jikin tankinsa. Wani dattijo ya durƙusa yana goge shi da tsumma, kamar kaka na yi wa jika wanka.

BSA Bantam ke nan, babur ɗin talakan Ingila. Kamfanin BSA na Birmingham, wanda asalinsa ƙera bindigogi yake yi, ya fito da shi a 1948, aka ci gaba da yin sa har 1971. Abin dariyar, Turawan Ingila na alfahari da shi, alhali ganimar yaƙi ne: tsarin babur ɗin Jamus mai suna DKW RT 125 aka karɓo a matsayin diyya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka juya injin, giya ta koma ƙafar dama. Na farkonsa, D1, 125cc ne, giya uku, gudunsa bai wuce mil 45 a awa ba. Da shi leburori ke zuwa masana'anta, jajayensa kuma yaran gidan waya ke hawa suna raba telegiram.

Me ya sa ake rububinsa? Dattijon ya nuna mini injin: silinda ɗaya, fulogi ɗaya, babu bawul. Mai haƙuri zai kwance shi a bayan gida ya ɗaure ba tare da bakanike ba. Ga rumfunan kayan gyara jere, sai ka rantse kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ce, illa dai a nan tsohon kabureta mai tsatsa ma daraja gare shi. Gwamnatin ƙasar ma ta ɗauke wa abin hawan da ya haura shekara 40 haraji. Amma a ganina ba sauƙin ne kaɗai ba. Da yawan masu rububin a kansa suka koyi tuƙi suna samari. Da a wajenmu ne, da tuni 'yan gwangwan sun auna shi a sikeli.

Ya zuba fetur, ya tsiyaya baƙin mai a ciki, ya girgiza babur ɗin don su gauraya. Bugu biyu, sai ƙara: tan-tan-tan! Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe mu, warinsa sak na titin Kano lokacin 'yan acaɓa. Ya ce in hau. Na dubi babbar rigata, na dubi sarƙa, na ce a'a, na gode.