Tsohuwar Land Rover a Hanyar Wara

Ƙasar Ngaski tana gabashin tafkin Kainji, a kudancin Jihar Kebbi, hedikwatar ƙaramar hukumar kuwa tana Wara. Yawancin mutanenta manoma ne da masunta, Kambari da Gungawa da Hausawa da sauransu. Da zarar mutum ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan bakin ruwa, sai hanya ta koma jar ƙasa, wani wuri yashi, wani wuri taɓo idan damina ta kankama. A irin wannan hanya ake gane motar da ta amsa sunanta.

A hutun da ya wuce muka bi ta nan, mu huɗu 'yan jami'a ɗaya, cikin wata tsohuwar Land Rover ƙirar shekarun 1970, ta kawun ɗaya daga cikinmu. Ta daɗe a yashe a gindin mangwaro, har kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, kafin wani bakanike a Yelwa ya tashe ta. Ya sauke inji ya wanke, ya yi wa ƙarfen gindinta walda inda tsatsa ta ci, ya sake birki da wayoyi, sannan ya shafa mata koren fenti. Duk garin da muka tsaya sai yara sun kewaye ta, dattawa kuma su dafa ta suna murmushi kamar sun ga tsohon aboki.

Me ya sa motar da ta girme mu nesa ba kusa ba ta iya dawowa hanya? Amsar tana cikin yadda aka ƙera ta. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fara fito da ita a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Don haka aka yi jikinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Injiniyan da ya tsara ta, Maurice Wilks, manomi ya nufa da ita, shi ya sa aka ɗaure yawancin sassanta da noti, yadda mai sifana zai iya kwancewa ya mayar. Babu kwamfuta a cikinta. Idan ta ƙi tashi, bakanike zai duba mai, ya duba wuta, ya duba filogi, cikin ɗan lokaci ya gano matsalar da ido da kunne. Har a nan Nijeriya an taɓa harhaɗa ta, a masana'antar Leyland da ke Ibadan.

Mun ga amfaninta bayan mun wuce Wara muka nufi wani ƙauyen masunta. Ruwan daren jiya ya mai da wani kwari fadama, ga wata ƙaramar mota ta kafe, fasinjoji sun naɗe wando suna turi. Direbanmu ya tsaya, ya ja wani ƙarfe mai jan kai da ke kusa da giya. Wannan shi ke sa motar a ƙaramar giya, inji ya riƙa juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. A hankali muka ratsa kamar ana tafiya a ƙafa, muka ɗaura igiya muka jawo waccan motar. Akwai kuma wani mai rawayan kai, wanda ake dannawa idan ana son ƙarfin taya huɗu ba tare da an rage gudu ba.

Kada ku ɗauka daɗi ne da ita. Babu na'urar sanyaya iska, sai wasu 'yan ƙofofi biyu a ƙasan gilashin gaba da ake buɗewa iska ta shigo, ƙura ta biyo ta. Sitiyarinta da nauyi, kujerunta da tauri, ga shan mai, ga ƙarar da sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji.

Da muka isa bakin ruwa sai muka tuna cewa tafkin kansa kusan sa'an motar ne. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da gonaki masu yawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. A wancan zamani irin wannan mota ce ke kai malaman gona da na asibiti ƙauyukan ƙasar nan. Har yau buƙatar tana nan. Kifin da aka kama da asuba yana son ya isa kasuwa kafin ya lalace, mai naƙuda kuma tana son asibiti ko ana ruwan sama. Inda hanya ta gagara, jirgin ruwa ake cikawa maƙil, kuma mutanen Wara ba su manta da jirgin da ya nutse a watan Mayun 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa.

An daina ƙera magajiyar wannan tsohon samfuri a watan Janairun 2016. A Turai masu kuɗi na sayen waɗanda aka gyara don ado da nuni. A Ngaski kuwa buhunan shinkafa da kwandunan kifi take ɗauka, kuma abin da ya riƙe ta a hanya shi ne hannun da ya san gyaranta.

Ƙannenmu na sakandare, darasin fiziks da kuke yi kan giya da ƙarfi da gogayya, shi ne muka gani yana aiki a cikin taɓo. Idan an yi hutu, ku nemi izinin iyaye ku leƙa garejin unguwarku, ku gaida mai gareji da ladabi, ku roƙe shi ya nuna muku yadda wuta ke tafiya daga batir zuwa filogi.