Gidan da ba a jin hayaniyarsa

Abokaina suna mini dariya, wai ɗanɗanona a fim bai san inda ya dosa ba: yau ina kallon iyalin da kowa a cikinsa da tasa taɓuwar, gobe ina kallon fim ɗin ƴan Holand mai hana barci. Ni kuwa a wurina abu guda ne. Duka biyun zancen gida suke yi.

Ku ɗauki Little Miss Sunshine na 2006. Kaka mai baƙin baki, kawu da ya yi yunƙurin kashe kansa, yaya da ya yi rantsuwar daina magana, uba mai koyar da sirrin nasara alhali shi bai ci ba. Duk sun cusu cikin tsohuwar mota ruwan ɗorawa wadda ba ta tashi sai da turi, don su kai ƴar autarsu gasar kyau a Kaliforniya. Wanda ya taɓa sauka ya tura mota tsakanin Maraɗi da Damagaram ya san yadda turi ke haɗa kan mutanen da ba sa ga maciji. Suna faɗa, suna zagi, amma kowa ya san ciwon ɗan'uwansa.

To, sai Spoorloos, na George Sluizer, 1988. Rex da Saskia sun bar Holand za su hutu Faransa, suka tsaya gidan mai, ta shiga sayen abin sha, ba ta dawo ba. Shekara uku yana nema. Fim ɗin bai ɓoye mana mai laifin ba, tun da wuri aka nuna shi: Raymond Lemorne, malamin kimiyya, da matarsa da ƴaƴansa mata biyu, mutum mai fara'a. Ya taɓa ceton wata yarinya daga ruwa, daga nan ya ce bari ya gwada ko zai iya aikata mafi munin abu. Yana gwaji kamar mai shirin jarrabawa, yana auna mintocin da maganin barci ke ɗauka a jikinsa. Akwai wurin da ƴarsa ta ga gizo-gizo a aljihun tebur ta yi kururuwa, shi kuma ya mai da abin wasa, kowa ya yi ihu. Ashe so yake ya san ko maƙwabta na jiyowa. Wallahi wannan wurin ya fi jini ban tsoro.

Abin da ya fi tsaya mini, wataƙila don karatun harshe nake, shi ne wanga: Raymond Faransanci yake yi. Mu da muka tashi da Faransanci a lakkol muna jin shi kai tsaye, har da barkwancinsa. Rex da Saskia kuwa, in suna yarensu, sai mun bi fassarar ƙasan allo. Kunnena ya fi kusa da makashin. Kuma da guntun Faransancinta Saskia ta tsaya hira da shi, tana laluben kalmomi, tana son sayen maratayin makulli mai harafin R don Rex. Ladabin baƙuwa ne ya kai ta motarsa.

Shi ya sa nake tunanin binciken da ake yi a garuruwanmu kafin aure. Ana tambaya: gidan mutunci ne? Ana jin hayaniyarsu? Da iyalin motar nan ne, tun a zaure za a ce a'a. Raymond kuwa, mai unguwa da kansa zai tsaya mishi.

Ba zan faɗi ƙarshen ba, sai dai in ce Rex ya karɓi kofin kafe daga hannun mutumin, don rashin sani ya fi mishi ciwo da komi. A 1993 Sluizer ya sake yin fim ɗin a Amurka, da Jeff Bridges, aka gyara ƙarshen don mai kallo ya tashi da sanyin zuciya. Kar ku fara da wannan. Ku nemi na 1988, kuma ku kalle shi da rana.