Sabo Turken Wawa: Malami da Jarabar Leƙen Waya a Bakin Aiki

Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya. Kafin wannan lokaci, mutumin Kanya, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, idan yana da saƙo zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, sai dai ya rubuta wasiƙa ya ba direba, sannan ya zauna jiran amsa har kwanaki. A yau kuwa saƙon imel, da labaran duniya, da hirar WhatsApp da Facebook, duk suna cikin aljihun malamin makaranta. Babu mai musun alherin da ke cikin wannan ci gaba. Sai dai alherin ya zo da wata jaraba, wato yawan leƙen waya a bakin aiki ba tare da wata buƙata ba. Wannan rubutu zai dubi yadda jarabar ta kama wani malamin firamare a Kanya, da dalilan kamun, da kuma hanyar da ya bi ya kwance kansa.

Yadda Sabon ya Samo Asali

Malamin ba rago ba ne, kuma ba da wasa ya fara ba. Tsoro ne ya fara kai hannunsa aljihu. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Maris na 2022 aka kai wa ayarin Mataimakin Gwamnan Jihar Kebbi na lokacin, Sama'ila Yombe Dabai, hari a Kanya, inda sojoji da 'yan sanda suka rasa rayukansu. A watan Nuwamba na 2025 kuma aka sace 'yan mata 25 daga makarantar sakandare ta Maga, a cikin wannan ƙaramar hukuma, kafin daga baya su kuɓuta. Duk wanda aka danƙa wa 'ya'yan mutane a irin wannan yanki yana da hujjar son sanin halin da gari ke ciki.

To amma hannun da ya shiga aljihu don neman labarin tsaro bai tsaya nan ba. Idan ya buɗe zauren WhatsApp na gari bai ga komai ba, sai ya leƙa na malamai. Daga nan sai akwatin imel, ko an turo wata sanarwa. Daga nan sai Facebook, inda labari ke jan labari ba iyaka. Idan ƙarshen wata ya gabato, sai jiran alat na albashi ya ƙaru a kai. Sannu a hankali ya zamana da zarar ya ba yara aikin aji, ko ya juya ya gama rubutu a allo, sai ya tarar da wayar a hannunsa ba tare da ya yi niyyar ɗauko ta ba.

Abin da Ake Asara

Malamin ya daɗe yana ganin minti biyu ko uku ba wani abu ba ne. Lissafi ne ya nuna masa akasin haka. A ɗauka darasi ɗaya minti 35 ne, kuma malami yana da darasi 6 a rana. Idan leƙen waya ya ci minti 5 a kowane darasi, an rasa minti 30 a rana, minti 150 a mako. A zangon karatu mai mako 13 an rasa minti 1,950, wato kimanin darasi 55 ke nan da aka biya malami albashinsu, amma yara ba su samu ba.

Asarar ba ta tsaya ga mintoci ba. A shekarar 2009 wata masaniya mai suna Sophie Leroy ta bayyana cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yakan maƙale a na farkon. Saboda haka malamin da ya karanta saƙo mai tayar da hankali, ko da ya mayar da wayar aljihu, rabin tunaninsa yana can. Taura biyu ba ta taunuwa. Haka nan Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka ta auna tsawon lokacin da ma'aikata ke tsayawa kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta. A 2004 kimanin minti biyu da rabi ne, amma a littafinta na 2023 ta nuna ya sauko zuwa daƙiƙa 47.

A aji irin na Kanya wannan asara ta fi tsanani. Da yawa daga cikin yaran ƙasar Zuru da wani harshe suke tashi a gida, kamar C'lela ko Fulatanci, sannan su haɗu da Hausa da Ingilishi a makaranta. Irin wannan yaro ba kasafai yake ɗaga hannu ya ce bai gane ba. A fuskarsa ake karanta ruɗewa, kuma lokacin aikin aji ne malami ke zagayawa ya ga wanda ya juya harafi, da wanda ya riƙe fensir ya yi shiru. Wannan lokaci shi ne ainihin wanda waya ke sacewa.

Dalilin Wuyar Bari

Ɗaliban ilimi sun san B. F. Skinner a darasin nazarin halayyar ɗan'adam. A binciken da ya wallafa tare da Charles Ferster a 1957, an gano cewa tantabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba tare da ta san saran da zai kawo shi ba, ta fi nacewa wajen saran maɓalli, kuma ta fi wuyar dainawa, a kan wadda ake ba kowane lokaci. Haka akwatin saƙo yake. Sau tara mutum zai leƙa bai sami komai ba, a na goma ya sami labari mai daɗi ko mai muhimmanci, wannan guda ɗayan kuwa ya isa ya sa shi ƙara leƙawa sau goma. Bugu da ƙari, kamfanonin da ke da waɗannan shafuka da talla suke samun kuɗi, don haka ribarsu tana ga daɗewar mutum a ciki. Shi ya sa aka tsara shafukan ba su da ƙarshe, ana ja ƙasa wani labari na ɓullowa.

Fahimtar wannan ta amfani malamin ƙwarai. Ya gane cewa alwashin baki kaɗai ba zai yi ba, domin ya sha cewa daga yau ya daina, kafin a tashi tara ya karya. Abin da ake bukata shi ne sauya tsarin da ke kewaye da sabon.

Matakan da ya Ɗauka

Da farko ya ƙidaya. Ya ware shafi a bayan littafin shirin darasinsa, duk lokacin da ya taɓa waya a aji sai ya ja layi, ya rubuta dalili. Bayan mako guda ya duba, ya tarar mafi yawan layukan ba su da dalili, sauran kuma duba lokaci ne ya buɗe ƙofarsu. Sai ya sayi agogon hannu mai araha, wannan ƙofa ta rufe.

Na biyu, ya raba kira da saƙo. Ya lura cewa labarin gaggawa, na rashin lafiya ko na tsaro, da kira yake zuwa, ba wanda zai ga wuta ya tsaya rubuta imel. Ya shaida wa iyalinsa da 'yan'uwansa cewa idan abu ya taso a kira shi. Daga nan ya riƙa kashe data tun daga gida, ya kuma kashe ƙarar sanarwar duk manhajojin da ke wayar.

Na uku, ya yanka wa saƙonni lokaci: kafin taron safe, da lokacin tara, da bayan an tashi. Wannan ya yi daidai da gwajin da Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn suka wallafa a 2015 a ƙasar Kanada. Sun sa mutum 124 duba imel sau uku kacal a rana har mako guda, a wani makon kuma suka bar su su duba yadda suka ga dama. A makon taƙaitawar mutanen sun fi samun sauƙin damuwa.

Na huɗu, ya nisanta wayar daga jikinsa. Wani bincike na Jami'ar Texas a 2017 ya nuna cewa waɗanda aka ajiye wayoyinsu a wani ɗaki sun fi waɗanda nasu ke kan tebur ƙoƙari a gwajin tunani, ko da wayoyin ba su yi ƙara ba. Sai ya riƙa barin tasa cikin jaka a ofishin malamai. Abin da yake bukata daga intanet don darasi, tun da yamma yake nemo shi ya kwafe a littafi.

Na biyar shi ne mafi nauyi, wato batun tsaro. Ba zai yiwu a ce makaranta a wannan yanki ta yanke kanta daga gari ba. Ya kai maganar gaban shugaban makaranta, ya ce: "Ranka ya daɗe, idan kowa na gadi, babu mai gadi, kuma babu mai koyarwa." Aka amince kowace rana malami ɗaya zai riƙe waya a kunne, tare da lambobin mai unguwa da jami'an tsaro, shi ne zai tantance labari ya sanar da saura. Wannan tsari ya rage wata illa ta daban, domin a da jita-jita ko tsohon hoto da aka sake yaɗawa kan sa malami ya sauya fuska a gaban aji, yara kuwa sun iya karanta fuskar babba.

Ba a rana ɗaya sabon ya saki ba. A makon farko hannunsa ya riƙa lalube aljihun da babu komai. A ƙarshen wata, da kuma ranakun da gari ya ɗauki zafi, ya sha komawa ruwa. Abin da ya taimake shi shi ne bai ɗauki tuntuɓe ɗaya a matsayin rushewar tafiya ba, washegari sai ya mayar da wayar jaka. Kafin zango ya ƙare ya riƙa gama duba littattafan yara a makaranta, maimakon ɗaukar su zuwa gida, ya kuma gano yara uku a layin baya da suka daɗe suna kwafar allo ba tare da sun iya karanta abin da suke kwafa ba.

Kammalawa

A 2018 ƙasar Faransa ta hana ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta, a 2023 kuma hukumar UNESCO ta yi kira da kada a shigar da na'ura aji sai inda za ta taimaki koyo. Galibin irin waɗannan dokoki ɗalibi suke kallo. Amma malamin da ke ƙwace wayar yaro alhali tasa na hannunsa ya rushe dokar da kansa, domin yaro ya fi koyi da abin da ya gani a kan abin da aka gaya masa.

Ɗalibin da ke shirin fita koyarwar gwaji yana da damar da wancan malami bai samu ba, wato ya tsara alaƙarsa da waya tun kafin ya riƙi aji nasa na kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manomin da ya bar ɗansa ya tafi makaranta da damina, alhali gona na bukatar hannu, ya ba da abu mai tsada. Abin da yake jira a madadinsa shi ne malami ya ba yaron hankalinsa gaba ɗaya na tsawon minti 35. Wannan amana ce, kuma saƙon da ya shigo a cikin waɗannan mintoci zai iya jira har a tashi tara.